Agogon masu nutso a ƙasar da ba ta da teku: a saya ko a bari?

Tun lokacin da wayar salula ta shiga aljihun babba da yaro, mutane da dama sun ɗauka cewa kwanan agogon hannu ya ƙare. Amma duk wanda ya ratsa rumfunan ƴan agogo a Babbar Kasuwar Yamai, ko ta Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko kuwa ya dubi hotunan hajar da ƴan kasuwa ke yaɗawa ta WhatsApp, zai ga wani irin agogo mai kauri da nauyi, mai ƙawanya da ke juyawa a kewayen gilashinsa, an rubuta « 200 m » bisa fuskarsa. Shi ne agogon masu nutso cikin teku. Nijar dai ba ta da teku, kuma mafi arha daga cikin na ƙwarai yana lashe albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Shin akwai dalilin da zai sa magidanci ya fidda wannan kuɗi? In kuwa akwai, wane iri ya kamata ya ɗauka?

Asalinsa kayan aiki ne

Tun da aka fara ƙera agogo, ruwa da ƙura su ne manyan abokan gabarsa. Ɗigon ruwa guda ya isa ya sa ƙananan ƙarafunan ciki su yi tsatsa, ƙwayar rairayi guda kuma ta isa ta tsai da haƙoran injin. A shekarar 1926 kamfanin Rolex na ƙasar Suwis ya fito da agogon da ya kira Oyster, wanda marfin bayansa da ɗan maɓallin gefe da ake gyara lokaci da shi, duka murɗa su ake yi su kulle tam kamar marfin kwalba. A 1927 wata ƴar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta yi iyo da shi fiye da awa 10 cikin tekun da ya raba Faransa da Ingila, ta fito agogon yana tafiya.

Ainihin buƙatar agogon nutso kuwa ta taso ne bayan 1943, shekarar da Faransawa biyu, hafsan sojan ruwa Jacques-Yves Cousteau da injiniya Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum damar shaƙar iska daga tulun ƙarfen da ya goya a baya. Daga nan sai ɗan Adam ya samu halin daɗewa ƙarƙashin ruwa, amma da sharaɗi mai tsanani. Iskar tulu tana ƙarewa. Bugu da ƙari, iskar da masana ke kira azot, wadda ita ce kashi 78 cikin 100 na abin da ake shaƙa, tana narkewa cikin jini gwargwadon zurfin da mutum ya kai da kuma daɗewar da ya yi. In ya wuce lokacinsa ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa cikin jijiyoyinsa kamar yadda lemun kwalba ke yi in an buɗe shi, abin da kan jawo shanyewar jiki ko rasa rai. Ke nan ga mai nutso, ƙidayar minti batu ne na rai da mutuwa.

Domin haka ne a 1953 kamfanin Blancpain, shi ma na Suwis, ya ƙera ma rundunar sojojin nutso ta Faransa, wadda Robert Maloubier da Claude Riffaud suka kafa, wani agogo mai suna Fifty Fathoms. Ma'anar sunan « gaba 50 », da irin gabar nan ta buɗe hannuwa biyu da maginan rijiya ke awo da ita, wato kimanin metir 91. A wannan shekara Rolex ya ƙera nasa, Submariner, mai jure metir 100. Waɗannan biyu su ne suka kafa siffar da ake kwaikwayo har yau: baƙar fuska, manyan alamomi masu haske cikin duhu, da ƙawanya mai lambobin minti. A ranar 23 ga watan Janairu na 1960, Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka da jirgin Trieste kusan metir 11.000 cikin rami mafi zurfi na tekun Pasifik, da wani agogon gwaji na Rolex ɗaure a jikin jirgin ta waje, ya kuma dawo lafiya.

Arha ta zo daga gabas. Kamfanin Seiko na Japon ya fito da agogonsa na nutso na farko a 1965, mai jure metir 150. A 1967 masana'antar Vostok ta Tarayyar Sobiyet ta ƙera Amphibia, da wata dabara wadda ke sa nauyin ruwa da kansa ya ƙara matse marfi da gilashi gwargwadon yadda aka nutsa. Sai dai daga shekarun 1980 wata ƙaramar kwamfuta ta ɗaurawa a hannu, mai auna zurfi da lokaci tare, ta fara karɓe aikin, kuma a yau da ita masu nutso ke dogara. Agogon ya zama na ko-ta-kwana, ga mafi yawan masu sayensa kuwa ya zama ado. Don haka malamin lakwal na Tawa da ya ɗaura shi bai fi ma'aikacin banki na birnin Paris abin mamaki ba: dukansu ruwan famfo ne iyakar abin da agogonsu ke gani.

Abin da lambar ke nufi

Babban abin da ke ruɗin mai saye shi ne lambar da ke bisa fuskar agogo. Duk metir 10 da aka nutsa, nauyin ruwa yana ƙaruwa da ma'auni guda da ake kira bar, shi ya sa wani agogo ke ɗauke da « 20 bar » maimakon « 200 m ». Wannan lamba sakamakon gwaji ce da ake yi ma sabon agogo cikin tukunyar matsi, a ruwa mai kwance, robobinsa ba su tsufa ba. Jagorar da yawancin kamfanoni ke bayarwa ita ce: mai metir 30 na yayyafi ne da wanke hannu, mai metir 50 yana jure ɗan tsomawa, mai metir 100 ana iyo da shi, sai mai metir 200 ake nutso da shi.

Hukumar ma'auni ta duniya, wato ISO, mai mazauni a birnin Jeneba, ta raba agoguna gida biyu. Ƙa'ida mai lamba 22810 ta 2010 ta shafi agogon yau da kullum da aka rubuta ma « Water Resistant » ko « étanche », kuma ta yarda a gwada kaɗan daga cikin waɗanda aka ƙera. Ƙa'ida mai lamba 6425, wadda aka sabunta a 1996 da 2018, ita ce ta agogon nutso na ainihi, kuma sharuɗɗanta sun fi tsauri. Sai agogo ya jure metir 100 a ƙalla. Sai an iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimetir 25. Ana gwada samfurinsa da ruwan gishiri, a tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 40, a fidda a jefa cikin mai digiri 5, a sake mai da shi cikin na zafi, a gwada shi da bugu da maganaɗisu. Daɗin daɗawa, ko wane agogo guda sai an matsa shi da nauyin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100, wato mai metir 200 sai ya jure 250. Bayan haka a ɗora shi bisa faranti mai ɗumi a ɗiga ma gilashinsa ruwa: in raɓa ta fito daga ciki, ya faɗi. Wanda ya ci wannan jarrabawa ne kaɗai ke da haƙƙin ɗaukar kalmar « Diver's ». Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, hukumar ba ita ke yin gwajin ba: kamfani ne ke yi, sunansa ne kuma jinginar maganarsa. Tawada ba ta da tsada, kowa na iya buga « 300 m » bisa fuskar gwangwani. Na biyu, lambar da ta wuce 200 ba ta ƙara ma mutum kome. Masu nutson shaƙatawa ba su wuce metir 40, sababbin shiga ma a metir 18 ake tsai da su. Bamisiren nan Ahmed Gabr, wanda ya kafa tarihi a Dahab cikin Bahar Maliya a watan Satumba na 2014, metir 332 ya kai, kuma sai da ya kwashe sama da awa 13 yana tasowa sannu a hankali. Wanda ya biya ƙarin kuɗi domin « 1000 m » ya sayi zurfin da jikinsa ba zai taɓa kaiwa ba.

Amfaninsa a ƙasar rairayi

To, in ba don zurfi ba, don me? Don rufi. Ƙofar da ta hana ruwa shiga ta hana ƙura, kuma ƙasar nan ta ƙura ce. Daga watan Nuwamba zuwa Maris bujin hunturu yana kutsawa ko ina, har cikin akwatin da aka kulle. A bazara zafi ya haura digiri 40, zufa mai gishiri ta kwanta ƙarƙashin agogo wuni guda tana cin ƙarfe. Da damana ruwa ya sauko ba sallama bisa mai kabu-kabu da manomi. Agogon ƙwalisa mai marfin dannawa ba ya daɗewa cikin wannan hali. Na nutso kuwa, da jikinsa na ƙarfen da ba ya tsatsa, da marfi da maɓalli masu murɗi, an yi shi ne domin wuyar da ta fi wannan.

Akwai kuma masu sana'ar da ruwa ne wurin aikinsu. Kogin Isa yana ratsa ƙasar nan tsawon kimanin kilometir 550, ga Komadugu da tabkin Cadi a gabas, ga tabkin Madarunfa, da na Tabalak, da na Gidimuni. Masunta, da masu fiton jirgi, da masu lambu, da masu wankin mota, hannunsu a jiƙe yake wuni. Ko wanda ke zaune a ofis, sau biyar a rana yake alwala; mai agogon da ke tsoron ruwa sai ya kwance ya ajiye, kuma a nan ne ake mantuwa da shi ko ya faɗi ya fashe, alhali mai na nutso sai dai ya gusa shi ruwa ya samu fata.

Ƙawanyar nan mai juyawa ma tana da aiki a tudu. Ana juya ta ne har alamarta ta daidaita da dogon hannun agogo, daga nan duk inda hannun ya kai, lambar da ke gabansa ita ce mintin da suka wuce, har zuwa 60. Gefe guda kaɗai take juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo, domin in ta goce bisa kuskure ta nuna ma mai nutso cewa ya daɗe fiye da gaskiya, ya fito da wuri. Mai albasa a Galmi yana iya auna lokacin da injin ban-ruwa ya yi yana shan mai. Malami yana iya tsaron jarrabawa. Ma'aikaciyar asibiti tana iya bin ƙarin ruwa, duk ba tare da an zaro waya ba. In wuta ta ɗauke da dare, alamomin suna haske da kansu. A da da sinadarin radiyom mai cutarwa ake shafa su. Tun shekarun 1990 aka koma ga wani fenti marar lahani da ke shan haske da rana ya mai do shi cikin duhu.

Gilashi shi ma abin dubawa ne. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, ƙwayar rairayi tana hawa na 7, gilashin agogo na yau da kullum bai wuce na 6 ba, wanda ake kira safir kuwa yana na 9. Ma'ana, rairayi yana karce gilashi na gama-gari, ba ya karce safir. A ƙasar da mutum ke goge ƙurar agogo da bakin riga sau goma a rana, wannan bambanci yana fitowa fili cikin shekara guda.

Amma ba a rasa aibi. Faɗin agogon nutso yakan kai milimetir 42 zuwa 44, yana da tudu, yana kama hannun kaftani, in kuma da sarƙar ƙarfe yake nauyinsa yana gajiyar da siririn hannu. Maɗaurin roba mai arha yana tsagewa da zafi. Maɗaurin zare na nailan ya fi dacewa, domin ana wanke shi ya bushe nan take, kuma ko ƙusa guda ta karye agogon ba ya faɗuwa.

Inji iri uku

Mai saye zai tarar da inji iri uku, kuma a nan ne sha'awa da amfani ke rabuwa. Na farko shi ne otomatik, wanda ba ya da pil, wato batir: motsin hannu ne ke juya wani ɗan nauyi a ciki yana wana shi. Shi ne masoya agogo suka fi so, domin hannun daƙiƙa yana tafiya sumul ba tsalle. Injin da ya fi yawa cikin masu arha shi ne NH35 na gidan Seiko. Masu shi sun yarda yana iya gaggawa da daƙiƙa 40 ko jinkiri da 20 a rana, in kuma an ajiye shi yakan tsaya bayan kimanin awa 41. Yana son a wanke shi a sa masa mai bayan ƴan shekaru, kuma maganaɗisun lasifika ko na waya yana iya sa shi gudu.

Na biyu shi ne kwarts, mai aiki da pil, wanda Seiko ya fara sayarwa a watan Disamba na 1969. Wani ɗan dutse ne ke kaɗawa a ciki sau 32.768 cikin daƙiƙa guda, kuma kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 20 a wata ba. Abin da otomatik ke ɓatawa a rana, shi sai ya yi wata bai ɓata ba. Ya fi jure girgizar babur da faɗuwa, ya fi arha. Aibinsa guda: duk shekara uku ko kusa da haka sai an buɗe bayansa.

Na uku kwarts ne mai shan hasken rana, kamar Eco-Drive na kamfanin Citizen, da irinsa na Seiko da Casio. Ƙarƙashin fuskar agogon akwai ɗan faifan sola da ke cika wani batir na dindindin, in ya cika kuwa yawancinsu na yin wata 6 cikin duhu ba su tsaya ba. Ana shekaru masu yawa ba a buɗe shi ba. A ƙasar da rana ba ta yanke kauna, wannan shi ne ya fi dacewa da wuri, muddin ba a bar shi bisa gaban mota a rufe da tsakar rana ba, domin zafin da ya wuce digiri 60 yana lalata batir ɗin.

Rai yana ga zoben roba

Dalilin da ya sa buɗe baya ya zama abin damuwa shi ne, duk ƙarfin agogon nutso yana rataye ga wasu siraran zobban roba: ɗaya a marfin baya, ɗaya a gilashi, ɗaya ko biyu a maɓalli. Ƙarfe yana shekara 30, roba ba ta yi. Zafi yana busar da ita, sabulu da fetur da turare suna cin ta, in kuma aka buɗe marfi aka mai da shi a karkace, ko ƙwayar rairayi ta maƙale, shi ke nan, agogon metir 200 ya zama wanda ko kofin ruwa ba ya jurewa. Kamfanoni suna ba da shawarar a duba robobin duk shekara biyu ko uku, a sake su, a gwada agogon cikin na'urar matsi.

Masu gyaran agogo na bakin kasuwa, da ɗan teburinsu da gilashin ido, gwanaye ne wajen tada injin da ya mutu, amma ba kasafai suke da wannan na'ura ba, ko robar da ta dace da ko wane samfur. Saboda haka wanda ya sayi mai pil ya kamata ya nemi robar canji tun ranar ciniki, ya tsaya a gabansa a sa ta da ɗan man silikon, a wurin da ba iska. Sauran kulawa mai sauƙi ce: a murɗe maɓalli har ya tsaya kafin a taɓa ruwa, kada a ja shi yana jiƙe, kada a shiga wankan ruwan zafi da shi, a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta bayan zufa. In aka ga raɓa ta kwanta cikin gilashi ba ta washe ba, a kai shi gyara a ranar, domin tsatsa ba ta jiran albashi.

Lissafin aljihu

Kalmar « arha » da ake liƙa ma waɗannan agoguna daga kasuwannin Turai da Amurka ta fito, kuma a can gaskiya ce. Sabon Rolex Submariner ya haura Yuro 9.000, da yake Yuro guda sefa 655,957 ne tun 1999, kusan miliyon 6 ke nan. An ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijar daga sefa 30.047 zuwa 42.000. Mai wannan albashi sai ya yi sama da shekara 11 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin. Kusa da wannan, kome arha ne.

Ga waɗanda ake kira masu arha. Casio MDV-106, wanda aka fi sani da Duro, kwarts ne mai metir 200 da maɓallin murɗi. An sha ganinsa a hannun attajirin nan Bill Gates, kuma a Amurka yana tsakanin dalar Amurka 50 zuwa 80, wato jika 30 zuwa 50. Orient Kamasu otomatik ne mai gilashin safir, kuɗinsa kimanin Yuro 200 zuwa 300. Duka biyu ba su ɗauke da kalmar « Diver's », amma kamfanoninsu sanannu ne, kuma ga wanda ba ya goya tulun iska sun wadatar. Citizen Promaster mai shan rana yana da kalmar, shi ma kusan Yuro 200 zuwa 300, wato jika 130 zuwa 200. Vostok Amphibia ana ƙera shi a garin Cistopol na Rasha, yana da juriya, sai dai ba ya riƙe lokaci daidai. Duk wannan kafin kuɗin dako, da na duwan, da ribar mai kawowa. Waɗanda suka ga ragin darajar sefa na watan Janairu na 1994, lokacin da kuɗin kayan waje ya ninka cikin dare guda, sun san cewa arhar kayan da ake biya da kuɗin wasu ba ta hannun mai saye.

A gefe guda kuma ga ɗan ƙaramin Casio F-91W, baƙin nan mai lambobi da aka fara ƙerawa a 1989. Nauyinsa gram 21, pil ɗinsa yana kai shekara 7, yana da ƙararrawa da fitila, yana jure yayyafi da wanke hannu, kuma na ainihi bai kai rabin kuɗin Duro ba. Wanda buƙatarsa sanin lokaci ce kawai, wannan ya ishe shi.

Kama da wane ba wane ba ne

Haɗari mafi girma ba tsada ba ce, jabu ne. Kayan da ke shigowa daga Dubai, da Sin, da kasuwannin Kano sun haɗa na ƙwarai da na bogi, kuma mai sayarwa da kansa ba kullum yake rarrabewa ba. Ya kamata a bambanta abu biyu. Akwai kamfanonin Sin kamar San Martin da Steeldive da ke kwaikwayon siffar manyan agoguna amma su sa sunansu, da injin NH35 da gilashin safir; wasu suna da kyau ƙwarai, sai dai tsaron ingancinsu bai kai na manyan gidaje ba, kuma mai da kaya daga Maraɗi zuwa Sin ba wasa ba ne. Akwai kuma jabu tsantsa, mai satar sunan wani. Agogon da aka rubuta ma Rolex ana sayar da shi jika 15, wanda ya yi ƙarya bisa suna ba zai faɗi gaskiya bisa metir ba.

Ko sunan da bai kai Rolex ba bai tsira ba. Seiko SKX007, wanda ya fito a 1996 ya zama gwarzon agogunan nutso masu arha, an daina ƙera shi a 2019. Wanda aka miƙo a yau a ce sabo ne kuma da rangwame, abin tuhuma ne. F-91W ma yana cikin agogunan da aka fi yi ma jabu.

Mai saye yana iya kare kansa da ido da yatsa. Ƙawanya ta juya gefe guda kaɗai, da ƙara ƙas-ƙas, ba ta lilo. Maɓalli ya warware ya kuma murɗe sumul. Lambar samfur da ke marfin baya ta yi daidai da ta takarda da ta kwali. A haska fuskar da tocila a rufe ta da tafin hannu: hasken na ƙwarai yana daɗewa, na jabu yana mutuwa nan da nan. A bar agogon ya ɗumama kaɗan a ɗiga ma gilashi ruwan sanyi, a duba ko raɓa za ta fito daga ciki. A nemi garanti a rubuce. Tura kuɗi ga wanda hoto kaɗai ya nuna kuwa, cinikin biri a sama ne.

Wa ya kamata ya saya?

Wanda sana'arsa ke haɗa shi da ruwa, ko ƙura, ko zufa, kuma ya gaji da sake agogon jika biyu duk bayan damana, yana da hujja. In ya samu na ainihi mai pil ko mai shan rana ya kula da robarsa, zai yi shekara 10 da shi, kuma in aka raba jika 50 bisa shekara 10, jika 5 ne a shekara. Wanda ke son sa domin yana ba shi sha'awa shi ma bai yi laifi ba, kamar yadda mai sayen hula ƙube ko takalmi mai kyau bai yi ba. Sharaɗin shi ne kuɗin su zama rara, bayan hatsi, da haya, da kuɗin lakwal ɗin yara, kuma ya san cewa agogo mai arha ba ajiya ba ne, ranar da ya so sayarwa ba zai mai da kuɗinsa ba. Wanda zai ci bashi domin a gan shi da shi a wurin biki, gara ya haƙura da ɗan baƙin Casio har Allah ya hore.

Wanda kuwa aikinsa nutso ne na gaskiya, kamar masu ceto da ke shiga kogi da tulun iska, kada ya jingina ransa ga lambar da ba a gwada ba: ya nemi mai kalmar « Diver's » daga hannun da aka sani, a duba masa shi a kai a kai, ya haɗa da horo da kwamfutar nutso. Maginin rijiya shi ma ya sani cewa agogo ba ya auna gurɓatacciyar iskar da ke kwance a ƙasan rami. Ga mai shiga ruwa da mai shiga kasuwa duka, magabata sun riga sun faɗa: iya ruwa fidda kai.